Ambaliyar Haɗeja, Ciwon Yara, Da Maganin Da Ya Daina Ci

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba, da masu son su ajiye su karanta a nutse. Yana da ɗan tsawo, amma ku daure ku kai ƙarshe, don maganar ta shafi ƙannenmu da 'ya'yanmu da 'ya'yan yayyenmu.

Yau Haɗeja muka nufa. Za mu haɗa abubuwa uku da mutane suke ɗauka ba ruwan wani da wani: ciwon yara, da maganin da ya daina ci, da sauyin yanayi.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Watan Satumba ne, ruwa ya ci gari, mutane sun koma kwana a ajin firamare. Yaro ɗan shekara ɗaya da rabi ya fara gudawa. Kakarsa ta ce haƙori ne. Kwana biyu abu bai tsaya ba, sai uwar ta ba wani matashi a gidan kuɗi ta ce ya je kemis. Ya je ya ce, "Yaro ne yake zawo, a ba ni na ɗari biyar." Aka ƙirgo masa Flagyl da kafso ja da yalo, na kwana biyu. Gudawar ta lafa, aka ajiye ragowar a saman taga. Bayan wata ɗaya yaron ya kama tari da zazzaɓi, aka ɗauko ragowar aka ba shi. Wannan karon shiru. Aka sayo wani, shiru. Sai da numfashinsa ya fara sama-sama sannan aka nemi mota zuwa asibiti.

Wannan matashin da aka aika kemis, yawancinmu mun taɓa zama shi. Shi ya sa shirin yau namu ne.

DA FARKO, RUWAN DAGA INA?

Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake tasowa. Kogin Kano da kogin Challawa ne suke haɗuwa su zama shi, ya ratsa Wudil da Ringim, ya gangaro Haɗeja, ya bazu a dausayin Haɗeja da Nguru. Daga baya ya haɗu da kogin Jama'are su zama kogin Yobe, wanda yake zuba a Tafkin Chadi. Wannan ruwan shi ne arzikin yankin: shinkafa, alkama, kayan lambu, kifi, kiwo. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kifin Haɗeja ba sai an yi masa bayani ba.

A sama akwai manyan madatsai biyu, dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, da na Challawa da aka kammala a 1992. Kafin a gina su, kogin yana cika da damina ya ja baya da rani. Bayan an gina su, sai ya zama ana sakin ruwa har da rani saboda noman rani da ruwan sha. Hanyoyin ruwan da a da suke bushewa sai suka daina bushewa, ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe su, yashi da laka suka ƙara cike su. To ruwa idan ya zo da yawa bai samu hanyarsa ba, gonaki da gidaje zai bi. Ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan ba ya saurin janyewa, sai ya kwanta makonni.

Ke nan ba daidai ba ne a ce sauyin yanayi kaɗai ke kawo ambaliya a Haɗeja. Akwai kachala, akwai cikewar kogi, akwai gini a kan hanyar ruwa. Amma sauyin yanayi yana ƙara wa abin nauyi. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa irin manyan hadarin nan masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Bayan ambaliyar 2022 kuma, ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta lissafa cewa ɗumamar duniya ta sa yiwuwar samun damina mai ruwa irin na waccan shekarar a yankin Tafkin Chadi ta ƙaru kusan sau 80. Haɗeja a cikin wannan yankin take.

Kun tuna 2022 ai. A faɗin Najeriya sama da mutum 600 suka rasu, sama da miliyan ɗaya suka bar gidajensu. A Jigawa kaɗai gwamnati ta ce sama da mutum 130 ne suka rasu. Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma, Guri, Ringim, Miga, duk sun ji a jikinsu, matasan Haɗeja kuma suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ƙarfafa jinga don kada ruwa ya shiga gari.

RUWA YA JANYE, CIWO YA SHIGO

Hotunan ambaliya da muke gani a waya na gidajen da suka rushe ne da kwale-kwale a kan titi. Abin da kyamara ba ta ɗauka shi ne abin da ke biyo baya.

Na ɗaya, ruwan sha. Ambaliya tana cika masai ta fito da abin da ke ciki, ta kwashi kashin dabbobi, ta zuba a rijiya da bakin tuƙa-tuƙa. A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili, kuma wannan abin alfahari ne. Amma masai na ƙasa idan ruwa ya rusa shi, iyalin da ke kwana a makaranta ko a bakin titi ina za su je? Daga nan gudawa take farawa, da atini, da taifot, da kwalara. A 2021, Najeriya ta samu sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, sama da 3,600 suka rasu, kuma Jigawa na cikin jihohi huɗu da abin ya fi tsanani, tare da Bauchi da Kano da Zamfara. Yara 'yan shekara 5 zuwa 14 ne suka fi kamuwa.

Na biyu, sauro. Duk kududdufin da ruwa ya bari gidan sauro ne, ga shi gidan sauron da ake rataye wa a ɗaki ya tafi da ruwa. Maleriya sai ta yi yawa, ta kuma daɗe har bayan damina.

Na uku, cunkoso. Iyali goma a aji ɗaya, kowa yana shaƙar numfashin kowa. Nan ne tari da ƙyanda da mashaƙo da ciwon haƙarƙari, wato nimoniya, suke samun hanya.

Na huɗu, yunwa. Shinkafar da ruwa ya cinye a Satumba ita ce tuwon da babu a Janairu. Yaron da ba ya ƙoshi garkuwar jikinsa tana rauni, ciwo kaɗan ya kwantar da shi, ciwon kuma ya ƙara ramar da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun kafin ambaliyar 2022 ma, babban binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan yara biyu cikin uku a Jigawa ba su kai tsayin da ya dace da shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma kusan yaro ɗaya cikin biyar ba ya kaiwa shekara biyar.

Na biyar, hanya. Idan ruwa ya yanke titi, asibiti ya yi nisa, ranar rigakafi ta wuce, sai a koma ga abin da ke kusa: mai kemis ko mai tallar magani.

Kuma fa ba damina kaɗai ba ce. Da hunturu ƙura da sanyi suna kawo tari da nimoniya. Da bazara zafi ya haura digiri 40, lokacin sanƙarau da ƙyanda ke nan. Tsakanin Oktoban 2022 da Afrilun 2023, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake zargin sun kamu da sanƙarau a Najeriya a Jigawa suke, musamman Maigatari da Sule Tankarkar da ke iyaka da jihar Damagaram. Ba mamaki a 2021 hukumar UNICEF ta sa Najeriya a matsayi na biyu a duniya, tare da Chadi, cikin ƙasashen da sauyin yanayi ya fi yi wa yara barazana.

TO MENE NE ANTIBAYOTIK ƊIN?

Ƙwayoyin cuta ba iri ɗaya ba ne. Akwai bakteriya, su ne ke kawo taifot, kwalara, mashaƙo, da yawancin nimoniya mai tsanani. Akwai bairos, su ne ke kawo mura, ƙyanda, da yawancin gudawar ruwa ta ƙananan yara. Akwai kuma irin ƙwayar maleriya, wadda ita daban take.

Antibayotik maganin bakteriya ne. Amoxicillin, Ampiclox, Septrin, Flagyl, Cipro, da tetracycline wanda muke kira ja da yalo, duk 'yan gida ɗaya ne. Ba sa kashe bairos, kuma ba su ne maganin maleriyar yaro ba. Ba wa yaro mai mura antibayotik kamar ka yi feshin maganin ciyawa ne don ka kori tsuntsu daga gonar shinkafa. Ka kashe kuɗi, tsuntsu na nan.

Da a ce asarar kuɗin ce kawai, da da sauƙi. Ku tambayi manomin da ya daɗe yana feshi da magani iri ɗaya. Shekarar farko ƙwari suka mutu. Bayan wasu shekaru ya ga ya fesa, sun yi kamar an yi musu wanka. Me ya faru? Tun farko a cikin ƙwarin akwai 'yan kaɗan masu taurin rai. Feshin ya kashe raunanan, masu taurin suka rage, suka hayayyafa, gona ta zama tasu.

Haka abin yake a cikin ɗan adam. A hanjin kowane yaro akwai bakteriya masu ɗimbin yawa, mafi yawansu ma masu amfani ne. Duk lokacin da ya sha antibayotik, ko yana buƙata ko ba ya buƙata, maganin yana kashe masu rauni ya bar masu jurewa. Bakteriya irin E. coli idan ta samu yanayin da take so tana iya rabuwa biyu duk bayan minti 20, ka ga kafin gari ya waye an samu zuriya. Abin da ya fi ban tsoro, suna iya miƙa wa juna wannan dabarar ta jurewa, har tsakanin waɗanda ba jinsinsu ɗaya ba, kamar yadda muke tura wa juna fayil a waya. Wannan shi ake kira bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani.

A nan mu gyara wata magana. Za ka ji mutum ya ce, "Jinina ya saba da wannan maganin, ba ya yi mini." Ba jininka ne ya saba ba, ƙwayar cutar ce ta saba. Bambancin yana da muhimmanci, domin ƙwayar cuta tana tafiya. Tana fita a bahaya, ta shiga ruwa, ta hau hannu, ta shiga kwanon abinci. Jaririn da aka haifa jiya, wanda bai taɓa shan ko paracetamol ba, zai iya kamuwa da ƙwayar da ta riga ta gagari magani uku.

Mutumin da ya gano penisilin a 1928, Alexander Fleming, ya yi wannan gargaɗin tun 1945 lokacin da ya karɓi kyautar Nobel. Ya ce akwai haɗarin ranar da kowa zai iya sayen maganin a shago, ya sha wanda bai kai ba, ya koya wa ƙwayar cutar jurewa. Kamar ya leƙo unguwarmu.

YAYA GIRMAN MATSALAR?

Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ta bijire wa magani. Ɗaya cikin biyar ɗinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankin da ya fi kowane yawan mace-macen shi ne Afirka ta Yamma. A Najeriya ƙiyasin ya kai kusan mutum 64,500 a waccan shekarar.

Kusa da gida kuma, akwai binciken da ake kira BARNARDS, wanda aka yi kan jarirai masu cutar jini a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, kuma asibitin Murtala na Kano na cikin wuraren da aka tattara bayanai. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna cewa mafi yawan bakteriyar da aka samu a jinin jariran, irin su Klebsiella, ba sa jin ampicillin, da yawa kuma ba sa jin gentamicin. Waɗannan biyun su ne alluran farko da ake yi wa jariri idan aka kai shi asibiti da cutar jini. Idan sun gaza, sai a koma ga masu tsada, waɗanda ba kowane asibiti ke da su ba, ba kuma kowane uba ne zai iya saye ba.

Idan kuna son ganin inda hanyar take kaiwa, ku dubi Pakistan. A 2016 wani nau'in taifot ya ɓulla a birnin Hyderabad na lardin Sindh, wanda ya gagari kusan duk magungunan da aka saba ba mai taifot. Ta gurɓataccen ruwa ya bazu, kuma yara ne suka fi shan wahala. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi.

INA SAUYIN YANAYI YA SHIGO CIKIN MAGANAR MAGANI?

Ta hanyoyi huɗu.

Ta farko ita ce mafi sauƙin ganewa. Ambaliya da zafi da yunwa suna ƙara yawan ciwo. Ciwo ya ƙaru, shan magani ya ƙaru. Shan magani ya ƙaru, bijirewa ta ƙaru.

Ta biyu, ruwan ambaliya yana gauraya komai. Bakteriyar cikin mutum, da ta cikin shanu da kaji, da ta kwata, duk su haɗu wuri ɗaya. Kada ku manta dabbobinmu ma suna shan antibayotik. Masu kiwon kaji suna zuba shi a ruwan sha, makiyaya suna yi wa shanu allura da kansu, wasu masu kiwon kifi ma suna zubawa a tafki. Ƙwayar da ta koyi jurewa a cikin kaza ba ta san iyaka tsakanin akurki da ɗaki ba.

Ta uku, zafi da kansa. Wani bincike da aka yi a Amurka aka buga a 2018 ya gano cewa wuraren da suka fi zafi sun fi samun bakteriya masu bijirewa: ƙarin digiri 10 ya zo tare da ƙarin kusan kashi 4 cikin 100 na bijirewar E. coli. Wannan alaƙa ce aka gani, masana suna ci gaba da binciken dalilinta, amma an san bakteriya da yawa sun fi saurin hayayyafa a ɗumi.

Ta huɗu, zafi yana lalata maganin. Ku duba jikin kwali, za ku ga an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30. Yanzu ku tuna mai tallar magani da farantinsa a ka, ranar kasuwa, a watan Afrilu. Maganin da ƙarfinsa ya ragu daidai yake da shan rabin magani. Ga kuma jabu: a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu tasowa ko dai jabu ne ko bai kai inganci ba, kuma maganin maleriya da antibayotik ne aka fi kai rahotonsu.

AMMA KADA A JI TSORON MAGANIN

Wannan ɓangaren ku saurara da kyau, kada wani ya tashi daga shirin nan ya je ya hana a ba yaro magani. A yankinmu, yara da yawa suna mutuwa ne saboda ba su samu antibayotik ɗin da ya dace a kan lokaci ba. A 2018 nimoniya ta kashe yara kusan 162,000 a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya, alhali amoxicillin mai narkewa a ruwa, wanda ba shi da tsada, yana warkar da mafi yawanta idan an fara da wuri.

Har ma akwai inda ake raba antibayotik ga yara masu lafiya da gangan. Wani gwaji mai suna MORDOR da aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, aka buga a 2018, ya nuna cewa ba wa ƙananan yara azithromycin sau biyu a shekara ya rage mace-macensu, a Nijar da kusan kashi 18 cikin 100. Amma an kuma ga ƙaruwar bakteriya masu jure wa irin wannan maganin a garuruwan da aka raba. Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi hakan ne kawai a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa, kuma ana yi ana sa ido kan bijirewar. A Najeriya shirin SARMAAN ne yake wannan aikin, kuma Jigawa na cikin jihohin da ya shafa. Ka ga bambancin: wancan ana auna yaro, ana rubutawa, ana bibiya. Na saman taga kuwa babu mai lissafinsa.

Ke nan maganar ita ce maganin da ya dace, ga yaron da ya dace, a adadin da ya dace, na kwanakin da suka dace.

ME ZA MU YI A GIDA?

Gudawa. Abin da ke kashe yaro a gudawa ƙarewar ruwan jiki ne. Maganin farko shi ne ORS, ruwan gishiri da sukari na leda, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Ku karanta jikin ledar: idan ta lita ɗaya ce, ledar fiya wata biyu ke nan. A ci gaba da ba shi nono da abinci. Gudawar ruwa ta yau da kullum ba ta buƙatar Flagyl. Ja da yalo kuwa ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara takwas haka kawai, yana ɓata haƙora. Idan akwai jini a bahayan, ko yana zuba fari kamar ruwan shinkafa, ko ido da maɗiga sun faɗa, asibiti kai tsaye. Kuma fitowar haƙori ba ta kawo gudawa mai tsanani. Lokacin ne dai yaro yake rarrafe yana kai komai baki.

Zazzaɓi. A yi gwajin maleriya na ɗan yatsa kafin a ba da magani, cikin minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. Kada a haɗa masa "na maleriya da na taifot" a kan zato. Idan masu rabon maganin rigakafin maleriya na wata-wata suka zo da damina, a karɓa wa yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, kuma a ba su na kwana na biyu da na uku da aka bari a gida.

Tari. Ga aikin da wayarka za ta yi. Idan yaro ya natsu, ka ɗaga rigarsa ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif. Ɗan ƙasa da wata 2, idan ya kai 60. Ɗan wata 2 zuwa 11, idan ya kai 50. Ɗan shekara 1 zuwa ƙasa da 5, idan ya kai 40. Wannan saurin numfashi ne, alamar nimoniya, a kai shi a duba shi ranar. Idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, kada ma a jira.

Alamomin da ba a kwana da su: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da komai, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, wuyansa ya sanƙare, ko maɗigarsa ta kumbura. Jariri ɗan ƙasa da wata 2 kuwa, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, asibiti ne kawai. Al'adar ɗiga wa sabon jariri Ampiclox wai don a wanke masa ciki, a bar ta.

Idan an rubuta antibayotik. A ba shi yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa, a kan lokaci, har kwanakin su cika, ko da yaron ya tashi yana wasa. Idan kuɗin bai kai ba, a faɗa wa ma'aikacin gaskiya, wataƙila akwai mai sauƙi da zai yi aikin. Sayen na kwana biyu ba tattali ba ne. Kada a ba ƙani ragowar na wa. Sirof ɗin da aka haɗa da ruwa yana da 'yan kwanakin da yake yi, a duba kwalbar, a ajiye shi wuri mai sanyi, ragowar kuma ba ta jiran ciwo na gaba. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Idan bayan kwana biyu babu sauƙi, a koma asibiti, kada a canja magani da ka.

Ruwa bayan ambaliya. Alif yana kwantar da laka, amma ruwa ya yi garau ba ya nufin ya tsarkaka. A tace, sannan a tafasa, ko a sa sinadarin kulorin yadda aka rubuta a jira minti 30. A rufe randa, a ware mata moɗa ɗaya. Wanke hannu da sabulu bayan bahaya, bayan wanke wa yaro, da kafin abinci.

Rigakafi. Duk ciwon da aka hana, maganin da ba a sha ba ne. Ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, wata 15. A ciki akwai na mashaƙo, na nimoniya, na ƙyanda, da na rota mai hana gudawa mai tsanani, wanda Najeriya ta fara bayarwa a 2022. A watan Maris na 2024 kuma Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau ta Men5CV, kuma Jigawa na cikin inda aka fara. Katin rigakafi a sa shi a leda tare da takardun gida, ku kuma ɗauki hotonsa a waya. Idan ambaliya ta sa an tsallake wata allura, ba a komawa farko, ci gaba ake yi daga inda aka tsaya. Ga uwaye kuma, nono zalla har wata 6 shi ne ruwan da ambaliya ba ta gurɓatawa.

ABIN DA YA FI ƘARFIN GIDA

Gaskiya ba komai ne uwa da ɗan aike za su iya ba. Yashe kogi da cire kachala, gina jinga mai ƙarfi, sanar da jama'a da wuri kafin a saki ruwan dam, ɗaga bakin rijiyoyi da masai a garuruwan da ruwa ke ci, ajiye ORS da amoxicillin da kayan gwaji a ƙananan asibitoci tun kafin Agusta, da ɗakunan gwajin da za su iya faɗa wa likita wane magani ne zai ci wace ƙwaya, duk wannan aikin hukuma ne: ƙaramar hukuma, jiha, da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Najeriya tana da tsarin ƙasa na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta tun 2017, an kuma ƙaddamar da na biyu a 2024. Namu shi ne mu riƙa tambayar wakilanmu ina aka kwana, da rani, tun ruwa bai zo ba.

Duk shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba ake makon wayar da kai kan wannan matsalar a duniya. A Haɗeja lokacin ya yi daidai da janyewar ruwa da shigowar hunturu. 'Yan ƙungiyoyin matasa da ɗaliban kiwon lafiya, ga dama nan.

Kafin nan, ga ɗan aikin gida. Yau ka duba saman taga da cikin kwabar gidanku, ka ga ragowar magani nawa ne a ajiye. Gobe kuma idan aka miƙo maka kuɗi aka ce, "Je ka kemis, yaro ba lafiya," ka tsaya ka yi tambaya uku cikin ladabi: an gwada shi? An ƙirga numfashinsa? An ba shi ruwan gishiri da sukari? Idan Inna ta ce kai yaushe ka zama likita, ka ce mata, "Inna, ba likita na zama ba, rakiya zan yi muku asibiti."

Mutanen Haɗeja, Auyo, Guri, Kiri Kasamma, Birniwa, Kaugama, Malam Madori da Kafin Hausa, ku faɗa mana yadda kuke yi da ruwan sha idan ambaliya ta zo, wasu za su ƙaru. Ku tura wa duk mai ƙaramin yaro a gida. Allah ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.